Ƙahon Baba Nomau

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanaki har na kai ga rubuta wannan. Kabiru, kai ne sanadin wannan babi, amma ba da kai kaɗai nake ba, da kai da ƙannenka da 'ya'yanku duka. Kun yi mamakin abin da ya faru a bazarar da ta wuce, ranar da Ɗanjuma ya zo gidanmu na Funtua daga ƙauye da damin dawa ɗaure a bayan babur. Ka same shi a ƙofar gida yana kwance igiya, ƙaiƙayi yana zuba a kan simintin da aka share, ka ja tsaki, ka ce ya bar damin wajen mai gadi. Ina cikin zaure na ji. Na fito ba takalmi, na ɗaga maka murya a gaban matarka, abin da ban yi maka ba ko kana yaro. Daga baya na ji kuna cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. To, tsufa ya zo, ban musa ba, amma ba shi ya fito da ni ba takalmi ba. Ga abin da ya fito da ni.

Kakan Ɗanjuma shi ne Nomau, Sarkin Noman unguwar Maguzawa da ke hayin rafin ƙauyenmu, can gefen Gozaki. Ba ya salla, bai kuma taɓa yi ba har ya bar duniya. Mahaifina, Malam Idi, bai taɓa barin salla ta wuce shi ba. Duk da haka ban san wasu mutum biyu da suka riƙe juna kamar su ba. Asalin abin, kamar yadda Inna ta ba ni labari, wata shekarar yunwa ce tun ba a haife ni ba. Gidanmu suka cinye abin da ke rumbu, suka cinye har irin da aka ajiye don shuka. Da hadari ya fara haɗuwa, Baba ya zauna bakin gona da hannu biyu ba ko ƙwaya. Sai ga Nomau ya ƙetaro rafi da dami ɗaya na kaura, irin nan mai dogon kara da jan ido, wanda ya hana 'ya'yansa ci suna kuka. Ya ajiye gaban Baba, ya ce ba kyauta ba ce, ajiya ce. Daga shekarar nan suka ɗaura wata al'ada tasu su biyu. Kowace kaka kowa zai zaɓi zangarniyar da ta fi cika a gonarsa, ya rataye ta inda hayaƙin murhu ke bugunta don ƙwari. In bazara ta yi nisa, Nomau ya kawo dami ɗaya gidanmu, Baba ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya ba shi namu. Ko gobara ta cinye gida ɗaya, irinsa yana raye a ɗaya gidan. Akwai kuma ta biyu. Duk ranar da Nomau ya kira gayya, Baba ne ke zuwa da wuƙarsa ya yanka akuyar, don Musulmin da suka zo taya noma su ci ba tare da wasiwasi ba. Ana ajiye musu fura a gindin ɗorawa, masu shan nasu abin suna can gindin kanya, ba mai shiga harkar wani.

Ni kuwa Nomau bai taɓa kirana Haruna ba. An haife ni ana tafka ruwa, shi ya fara ce mini Anaruwa, har sunan ya bi ni. Shi ya sassaƙa mini ƙotar fartanyata ta farko.

Sai yawo ya ɗauke ni. Na bi kawuna Maraɗi, inda na tsinci Faransanci a bakin ma'aikatan awon gyaɗa. Aikin auduga ya kai ni Sudan, Larabcin allo ya zama na kasuwa. Daga baya aka tura ni Ingila koyon aikin gona. Wanda ya zauna baƙo a ƙasashe da yawa yakan zama gwani a abu ɗaya ko bai so ba, wato gane raini tun kafin a buɗe baki. Na ga Bafaranshe yana hura iska ta leɓe kamar mai korar ƙuda. Na ga Balarabe yana ɗaga haɓa ya karkaɗe yatsu kamar ya taɓa ƙazanta. Bature na Ingila kuwa ba ya ko motsi, sai dai ya dube ka kamar gilashin taga, idonsa ya wuce ta cikinka ya sauka a kan abin da ke bayanka. Mu namu yana da sauti. Muna da harara, muna da yatsina, muna da kallon hadarin kaji, amma sarkinsu duka shi ne tsaki, domin shi ba ya ɓuya, kowa a wurin sai ya ji an yi.

Wata rana a Ingila na shiga bas, na miƙa wa mai karɓar kuɗi nawa. Bai karɓa daga hannuna ba. Ya nuna mini kujera da haɓa, wai in ajiye a can ya ɗauka. Mutane suna kallo, wata mata ta yi murmushi ta kau da kai. Ba a zage ni ba, ba a taɓa ni ba, amma na ji abin har cikin raina. Tsohon da nake haya a gidansa malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mai son kalmomi kamar yadda Bafulatani ke son nagge. Na kwatanta masa abin da aka yi mini, na ce yaya sunan wannan a harshenku? Kunya ta kama shi kamar shi ya yi. Sannan ya ce sunansa “scorn”. Ya sauko da wani ƙaton ƙamus ya yi ta bin layi da yatsa. Ya ce kalmar ba tasu ba ce tun asali, ta ƙetaro teku ne daga tsohon Faransanci, kuma masana ba su gama daidaitawa a kanta ba. Tushenta dai izgili ne da ba'a. Amma wasu suna ganin ta cuɗanya a hanya da wata kalma mai nufin cire wa dabba ƙaho. Nan na gyara zama, domin na san sunan ƙaho da Faransanci tun Maraɗi, wato “corne”, na kuma ji shi kwance a cikin kalmar.

“Ka ga,” in ji tsohon, “ba kashe dabbar ake yi ba. Barinta ake yi da rai, ba ta da abin kare kanta.”

Na rubuta wannan a littafina, na ja layi a ƙarƙashi. Na ɗauka na fahimta, tunda ni aka yi wa. Ashe wanda aka yi wa rabin karatun kawai ya samu.

Na dawo gida malamin gona, da babur na ofis da wando mai kari. Aikina shi ne in shawo kan manoman yankin Malumfashi su karɓi sabon irin dawa, gajere mai saurin nuna, da takin zamani. Ina so ku sani, irin nan mai kyau ne. Ban yi ƙarya a kansa ba, ya kuma ciyar da gidaje da yawa. Ba a kan iri na yi kuskure ba.

A ƙarshen bazarar shekarar aka tara mutane a ƙofar mai garinmu. Na zo da shugabana na ofis, mutumin da nake so ya ga yadda garinmu ke jin maganata. Baba ba ya nan, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Na yi bayani, na zazzage sabon iri a faifai ana zagayawa da shi. Ina cikin magana sai ga Nomau ya iso, da warkinsa na fata a ƙugu da dami a kai. Gidanmu ya nufa, aka ce masa Malam Idi yana kwance, ɗansa kuma yana ƙofar mai gari. A wurinsa lissafin mai sauƙi ne, in uba ba ya iya miƙewa, ɗa ne zai karɓa. Ya tsaya ya saurara har na gama, ya ɗebi sabon irin ya tauna ƙwaya ɗaya.

“Anaruwa,” ya ce, “wannan dawa taka, ka ce iyakarta ƙugu?”

Na ce, “Iyakarta ke nan, Baba. Ƙarfinta duk a kai yake tafiya, ba a kara ba.”

“To, madalla. Da me za mu yi darni? Ko matanmu za su riƙa wanka a bayan dawa mai tsawon ƙugu?”

Wurin ya fashe da dariya. Har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Tambaya ce ta gaskiya, kuma da wasa ya yi ta, irin wasan da yake mini tun ina tsirara. Amma na waiga na ga shugabana yana dariya shi ma, ga kuma sunan Anaruwa da aka kira ni da shi a gaban mutumin da ya san ni da Malam Haruna. Kunya ta rufe ni. Nomau bai lura ba. Ya sauke damin daga kansa, ya matso, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Ga ajiyar gidanku. Ka kai wa Malam, ka ce ina gaishe shi da ƙafa.”

Ban miƙa hannu ba. Na dubi damin, na dube shi daga warki har furfura, na ja tsaki. Dogo, irin wanda ake ji daga ƙarshen taro. Sannan na juya wajen samarin da ke tsaye na ce, “Wani ya karɓa a watsa wa kaji.”

Aka sake dariya, amma ba irin ta farko ba. Ta farko ta manya ce, wannan ta samari ce. Nomau ya tsaya da damin a hannu, ba wanda ya karɓa. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da shi kansa, ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, Malam.” Ya juya ya bi hanyar rafi. Ban taɓa jin kalmar Malam ta yi mini nauyi kamar ranar ba, amma na shanye, na ci gaba da bayanin taki.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Da aka kawo tuwo na zauna inda na saba, gefen tabarmarsa, sai ya ce wa Inna, “A zuba wa malamin gona nasa daban.” Tun da aka yaye ni muke cin kwano ɗaya da shi in ina gida. Inna ta kawo mini nawa a kwanon baƙi, mai murfi, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na ce a raina fushin tsofaffi ne, zai wuce. Na koma Malumfashi bakin aikina.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shekarar nan, karo na farko tun kafin a haife ni, ba a shuka kaurar Nomau a gonarmu ba, ba a kuma shuka tamu a tasa ba. Da lokacin noman fari ya yi, Nomau ya kira gayya kamar kullum. A da in ya kira, sai an rasa inda za a tsaya a gonar, domin Sarkin Noma ne, shi ke fara kama kunya, makaɗa suna bin sa da kirari. Wannan karon ƙanena ya ba ni labari. Mutum goma sha ne suka je. Samarin garinmu sun zauna a bakin hanya, duk wanda ya wuce da fartanya sai su ce masa, “Ina zuwa? Gonar kaji?” Har yaran unguwarsu suka ɗauka. In ya wuce kasuwar Gozaki sai a ji wani ya yi kukan zakara daga bayan rumfa. Baba ya sa aka ɗora shi a jaki ya je ya yanka akuyar. Naman ya yi saura, har aka rasa mai ci.

Ranar wata Juma'a na zo gida, na tarar da Baba a bakin rijiya yana zaune a kan turmi, ana ba shanun huɗa ruwa. Muna da wani babban sa, Gule muke ce masa, wanda a da in ya nufo komi sauran sukan buɗe masa hanya. Watanni kaɗan kafin nan ya sarƙe kai a cikin tushen itace, ƙahonsa na dama ya karye daga gindi. Na tsaya na gaishe da Baba, ya amsa a taƙaice, idonsa na kan shanu. Gule ya matso zai sha, wani ɗan bijimi da bai kai rabinsa ba ya sa kai ya ture shi. Ya ja baya ya tsaya. Ya sake matsowa, wata karsana ma ta kore shi. Sai da kowa ya sha ya ƙoshi, sannan ya zo ya lashi abin da ya rage a gindin komi.

“Ƙarfinsa yana nan,” Baba ya ce, kamar da shanun yake magana. “Har gobe shi ke jan garma fiye da kowa. Amma su sun gani.”

Baba bai san Turanci ba, bai san Faransanci ba, bai taɓa jin labarin tsohon nan da ƙamusinsa ba. Ni kuwa ina tsaye a bakin rijiyar nan, layin da na ja a littafina ya dawo mini. Abin da aka yi mini a bas, a ƙasar da ba wanda ya san ni, na sauka na bar shi a can. Ni kuwa na yi wa mutum a ƙofar mai garinsa, a gaban waɗanda zai ci gaba da gani har ya mutu.

Na ce, “Baba, zan je in ba shi haƙuri. Yau ma in ka ce.”

“A ina?”

“A gidansa.”

“A gidansa ka yi masa?”

Na ce a'a.

“Abin da aka ɓata a kasuwa ba a gyara shi a ɗaka, Haruna. In ka je gidansa, zai ce ya yafe, don shi mutumin kirki ne. Kai ka samu sauƙi, shi kuma gobe a yi masa kukan zakara.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙarsa cikin kube, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ce Nomau ya kira gayyar maimai ranar Laraba, ba don yana sa ran mutane ba, sai don bai san yadda ake fasawa ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara hawa jaki ba. Ya ajiye wuƙar a bakin rijiyar tsakaninmu, bai miƙo mini ba.

“Akuyar Nomau ba ta da mai yanka,” ya ce. Ya kira ƙanena ya kama shi suka shiga gida.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Larabar nan ita ce ranar da manyan ofishinmu za su zo daga hedikwata duba gonar gwaji da na yi wata uku ina reno a kusa da Malumfashi. Shugabana ya riga ya faɗa mini cewa in abin ya yi kyau, ni za a ba kujerar da ke sama da tawa. Kun taso kuna jin cewa makirci aka yi mini aka tura ni can bakin iyaka shekara shida, inda mahaifiyarku ta yi ta fama da zazzaɓi, inda kai Kabiru ka fara makaranta a ƙarƙashin bishiya. Ni na bar ku kuka ɗauka haka, domin ya fi daɗin faɗi. Ba wanda ya yi mini makirci. Manya sun zo gonar gwaji ba su same ni ba, ban kuma aika da dalili ba, don ban san yadda zan rubuta shi a takardar ofis ba. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da layi ɗaya cewa uzurin gida ne. Abin da suka yi mini daidai ne a ƙa'idarsu. Mahaifiyarku ta san gaskiya, ta kuma rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Wahalar da kuka sha a shekarun nan, tsakina ne kuka biya.

Ranar Laraba da hantsi na bar babur a gida. Na sa tsohuwar taguwar ƙanena, na rataya fartanya, na bi ta tsakiyar gari da ƙafa, ta gaban samarin nan na bakin hanya. Ɗaya daga cikinsu, Sule Dogo, wanda muka yi wasan langa tare, ya ce, “A'a, Malam Haruna, ina zuwa haka ba babur?”

Na ce, “Gonar kaji. Ni ne babban zakaran, ku taso ku ga yadda nake tono.”

Suka yi dariya, suka taso, ba don noma ba, don kallo. Haka nake so. Kafin mu ƙetare rafi mun fi mutum arba'in, har da mata da ke leƙe ta kan darni.

Na tarar da Nomau a bakin gona da 'yan mutanensa, makaɗi ɗaya yana zaune a kan gangarsa. Akuya tana ɗaure a gindin ɗorawa. Da ya gan ni da jama'a a bayana sai fuskarsa ta canja, na gane ya ɗauka wani sabon wulaƙancin na kawo. Wannan kallon ya fi komai yi mini ciwo. Na cire takalmi, na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ɗaga murya yadda na ɗaga ta a ƙofar mai gari.

“Baba Nomau, ni ne na ja maka tsaki a gaban mutanen nan. Kaurar da na ce a watsa wa kaji, ita uwata ta ci ta shayar da ni. Ba don ita ba da babu gidanmu. Na yi rashin kunya, na yi butulci. Ga ni, ga su, ka yi mini abin da ka ga dama.”

Nomau ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, “Malam Idi ne ya aiko ka?”

“Wuƙa ya ajiye. Ni na ɗauka.”

“Ka iya yanka kuwa? Ko a Ingila inji ke yi muku?”

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, sauran suka bi. Wannan karon da ni ake yi, na kuma ji daɗinta kamar ruwan sanyi. Na yanka akuyar da sunan Allah. Nomau ya kama kunyar farko, ya nuna mini ta kusa da shi. Makaɗi ya tashi. 'Yan kallo suka ga ba daɗi su tsaya hannu rabbana, aka shiga neman fartanya a unguwa. Shekara bakwai rabona da noma da hannu. Kafin mu kai tsakiyar gona tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, tsoho mai furfura ya ba ni rata ta fi taki ashirin. Ya kai ƙarshe, ya juyo ya kama tawa kunyar daga can ya tarye ni. Da muka haɗu ya kama hannuna ya juya shi ya ga jini.

“Kai, Anaruwa,” ya ce, “hannun nan naka sai ka ce na amarya. Je ka sha fura.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce zufa ce.

Da yamma ya shiga ɗakin girkin matarsa ya fito da damin nan, shi dai wanda na ƙi karɓa, ya yi baƙi da hayaƙi. Lokacin shuka ya wuce, ba abin da za a yi da shi a shekarar, amma bai ba kaji ba, bai kuma ci ba. Na miƙe tsaye na karɓa da hannu biyu. Na ɗauko shi a kai har gida, ta tsakiyar gari. Da aka kawo tuwo, Baba ya dubi Inna ya ce, “Wannan kwanon baƙin, a mayar da shi inda yake.”

Zan so in ce muku komai ya koma yadda yake, amma na yi alkawarin gaskiya a littafin nan. Kukan zakara ya daina. Mutane sun koma gaishe shi. Sai dai Nomau bai ƙara kiran gayya ba. Da shekara ta zagayo ya ce ya tsufa, ya bar wa ƙanensa sarautar noma, alhali na ga yadda ya tsere mini a kunya. Ya riga ya ga ranar da ya kira ba a zo ba, kuma mutum ba ya mance irin wannan ranar. Ya yafe mini har zuciya, na tabbata. Amma yafiya daban, ƙaho daban. Gule ma ya rayu shekaru bayan nan, yana jan garma, yana shan ruwa a ƙarshe. Ina can bakin iyaka aka aiko mini Nomau ya rasu. An ce kafin ya cika ya sa ɗansa ya yi masa alkawarin dami ba zai yanke ba. Ɗan ya riƙe har ya mutu, yanzu Ɗanjuma ne ke kawowa. Shi ya musulunta tun yana saurayi, wasu 'yan uwansa suna nan kan al'adar kakanni, ba abin da wannan ya canja a maganar dami. Don ita kaɗai nake sa a shuka kunya goma na tsohuwar kaura a gonarmu ta ƙauye duk shekara, wadda kuke cewa asarar taki ce.

Kabiru, na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Siminti ka gani da ƙaiƙayi, ba ka san sauran ba, laifina ne da ban faɗa ba. Ni ma ba mugu ba ne ranar nan, kunya ce ta kama ni a gaban shugabana, na sauke ta a kan wanda na san ba zai rama ba. Yawanci haka abin yake, a duk harshen da na sani.

Ɗanjuma ranar dariya ya yi, ya ce mini ba komai, Alhaji. Kakansa ma haƙuri ya ba ni. Damin namu na bana, wanda ba a kai gidan Nomau ba tukuna, yana rataye a ɗakin girki na baya, na sa an ɗaure shi da jan ƙyalle don kada a kai shi niƙa. Ƙafata ta fara irin ta Baba, likita ya ce in daina doguwar tafiya. Hanyar ba ta da wuya, in ka wuce Gozaki ka tambayi hayin rafi, kowa ya san gidan Nomau. Ka je ranar kasuwa, lokacin da mutane suke ƙofar gida. Ka bar motar a bakin rafi.

Wuƙar tana cikin akwatina, ƙarƙashin littafin nan da na ja wa layi a Ingila. Ban miƙa maka ba. Na dai faɗa maka inda take.